Break, gap, hiatus, recess: wanne zan rubuta a fom ɗin neman karatu?

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu Turanci a cikinmu ku taimaka mini, wani fom ne ya tsaya mini a wuya. Takardun neman tallafin karatun digiri na biyu nake cikewa zuwa Ingila, komai na tafiya lafiya har na iso wani gurbi da aka rubuta: "Please explain any gaps in your education or employment history." Wato in yi bayanin duk lokacin da ba na makaranta kuma ba na aiki. Ni kuwa tarihina in aka shimfiɗa shi, wuri uku ne ya yanke.

Na gama sakandare a 2015, ban samu gurbin jami'a ba sai 2017. A tsakanin nan ina gida ina taya mahaifiyata ɗinki, ni ce mai yanka da sa zif, da yamma kuma ina koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwarmu. Da na shiga jami'ar, karatun shekara huɗu ya ci kusan shida, saboda yajin aikin malamai na 2020 da ya haɗu da kullen korona, ga kuma na 2022. Ina gama hidimar ƙasa Allah ya ba ni tagwaye, kuma duk wadda ta taɓa rainon biyu a lokaci guda ta san ba a haɗa shi da sammakon ofis. Tun daga nan ina gida.

Na tambayi mutanen gida, kowa da tasa. Maigidana ya ce in rubuta "break" in huta. Ƙanena, wanda yake ji da Turanci, ya ce wannan kalmar 'yan firamare ce, in sa "hiatus" ko "sabbatical" don Turawan su san da wadda suke magana. Wata ƙawata ta ce "recess". Da na buɗe ƙamus a waya sai ya ƙara jibgo mini wasu: interval, pause, lull, respite, intermission. Duk in na juya su a kaina hutu ne ko tazara ko giɓi. To wanne ne na wane wuri? Ba don fom ɗin kaɗai ba, ina son in gane su da kyau, don in Allah ya sa an dace da wannan Turancin zan riƙa rubutu.

Tsohon Malamin Turanci:

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raya tagwaye, ya sa a dace. Kafin komai, ki ajiye "sabbatical" da "recess" gefe, babu wanda ya shafe ki a cikinsu. Maigidanki ya fi ƙaninki kusa da gaskiya, sai dai ki lallashi ƙanin naki kada ya ji haushina.

Abin da na saba gaya wa ɗalibaina shi ne, in kalmomin nan suka rikita mutum ya yi wa kansa tambaya biyu: wa ya tsayar da abin, kuma an san za a dawo a ci gaba?

"Break" ita ce uwar gida a cikinsu. Mutum na cikin yin abu sai ya dakata da niyyar komawa. Ba a yanke mata tsawo ba: "tea break" minti goma ne, "lunch break" awa guda, "Christmas break" mako biyu, "career break" kuwa tana iya cin shekara uku. Shugaban kamfani ma ita yake faɗa, ba ta yara ba ce. Ana cewa "take a break", ko "I am on a break", in kuma za ki ambaci abin da kika bari sai ki biyo ta da "from": "a break from work".

"Gap" ba ruwanta da niyyar kowa. Mai kallo ne daga waje ya ga abu ya taho a jere, sai ya ga wani wuri babu komai. Shi ya sa fom ɗin ya yi amfani da ita. Su ba su san kina yanka atamfa ba, ba su san da tagwaye ba, shekaru kawai suka gani a jere an tsallake wasu. Kuma asalinta ta sarari ce kafin a ara wa lokaci. Wushirya a wurinsu "a gap between the teeth" ce, haƙorin da ya faɗi ma "gap" ya bari, ba su raba su kamar yadda muka raba wushirya da giɓi ba. In kin je Landan za ki ji ta har ta ishe ki, don a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ana ta shelar "Mind the gap" tun ƙarshen shekarun 1960, wato a kula da ratar da ke tsakanin jirgi da dakalin hawa. Ki riƙe ƙananan kalmomin da ke bin ta: "gap between" in abu biyu ne, kamar "the gap between rich and poor", sai "gap in" in rami ne a cikin abu guda, kamar "a gap in my CV". Wannan ta biyun za ki sha ta a digiri na biyu, don kowane malami sai ya tambaye ki "the gap in the literature", abin da masu bincike na baya suka bari ba su taɓa ba.

Akwai tarko guda a nan. Kada ki kira zamanki na 2015 zuwa 2017 "gap year". A Ingila wannan suna ne na wata al'ada: yaro ya gama sakandare, sau da yawa ma ya riga ya samu gurbin jami'a, sai ya ɗage shiga da shekara guda da gangan ya tafi yawon duniya ko aikin sa-kai. Yarima William ya yi tasa a 2000, har ya je Chile. In kika rubuta haka za su ɗauka zaɓa kika yi, alhali jiran gurbi ne.

"Hiatus" daga Latin take, daga kalmar da ke nufin wangale baki kamar mai hamma, ana furta ta hai-ei-tas. Ta fi zama da abin da ya saba fitowa a kai a kai sai ya ɗauke ba ranar dawowa: shirin talabijin, mujalla, mawaƙin da ya daina fitar da waƙa. 'Yan jarida na son ta: "after a two-year hiatus". Ba kuskure ba ne ki faɗe ta a kan kanki, amma za ta fito kamar kina ba da labarin wata tauraruwa.

"Recess" ta masu zama ce, majalisa ko kotu. Majalisar Tarayya a Abuja takan tafi "annual recess" daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba. A Amurka kuma ita ce fitar yara wasa a tsakiyar darasi, wadda mu da Ingila muke ce wa "break". Mutum ɗaya ba ya tafiya "recess".

"Sabbatical" hutu ne da wurin aiki ke bai wa ma'aikaci, galibi malamin jami'a, da albashinsa, bisa al'ada sau ɗaya a shekara bakwai, don ya yi bincike ko ya koyar a wata jami'ar. Tushenta ɗaya da "Sabbath", ranar hutu ta bakwai, kuma can asali dangin Asabar ɗinmu ce da ta zo mana ta Larabci. Kina rubuta ta za su nemi takardar jami'ar da ta ɗauke ki aiki.

Da ni ne ke, ga abin da zan sa a na farko: "2015–2017: Awaiting university admission. During this period I worked in my family's tailoring business and taught at a community school." Kin ga babu ko ɗaya daga cikin kalmomin da suka hana ki barci. A na uku kuma: "Career break to care for my newborn twins."

Ɗan Gidan Kallo:

Baba Malam ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai Turancina a gidan kallon ƙwallo na tsince shi, bari in kawo nawa ɗan guzurin, Anti.

Hutun rabin lokaci shi ne "half-time", dokar wasa ta ce kada ya wuce minti 15. Amma ki saurari masu sharhin Ingila, sau da yawa ba sa maimaita kalmar, sai su ce "after the break" ko "before the interval", duk shi suke nufi. "Interval" ɗin nan hutu ne da aka riga aka tsara a tsakiyar abu, kowa ya san da zuwansa. Masu kallon fim ɗin Indiya sun san shi, ana tsakiyar rikici sai ka ga an rubuto INTERVAL ko INTERMISSION ɓaro-ɓaro a fuskar talabijin, don a silimar Indiya nan ne mutane ke fita sayen abin taɓawa. Abu ɗaya ne, Ingila ta fi cewa "interval", Amurka "intermission". Sai dai "interval" na da wani aikin na daban, tazara mai maimaituwa. Likita ya ce a sha magani "at six-hour intervals", kowace awa shida ke nan.

Akwai "cooling break", in zafi ya yi yawa alƙalin wasa ya tsayar a sha ruwa, minti uku iyakarta. A gasar cin kofin duniya an fara yin ta a hukumance a wasan Holan da Meziko a 2014, a garin Fortaleza na Brazil. Akwai "international break", makon da muka tsana, babu Firimiya saboda 'yan wasa sun tafi buga wa ƙasashensu. "Time-out" kuma na ƙwallon kwando ne, koci ke nemansa, ƙwallon ƙafa ba ta da shi.

"Pause" gajeriya ce, kamar madannin da ke jikin rimot, a tsaya cak a ci gaba daga inda aka tsaya. A azumin 2021, wasan Leicester da Crystal Palace, an ɗan dakata bayan faɗuwar rana don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su buɗa baki. Jaridu "the game was paused" suka rubuta, kuma 'yan wasan "broke their fast". Ranar ne na lura "breakfast" ma karya azumin dare ne, daidai da karin kumallonmu.

Maman Tagwaye:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Na nuna wa ƙanin nawa, ya ce a gaishe ka, amma har yanzu yana kan bakansa. Ɗan Gidan Kallo na gode, ashe kallon ƙwallon na da rana.

Saura biyu. Na tsakiyar fa, wato yajin aikin? "Strike break" zan ce ko "school holiday"? Sannan na haihuwar, me zai hana in ce "maternity leave" tunda dai haihuwar na yi? Na ga kamar ta fi "career break" nauyi a ido.

Hajiya Mai Ɗaukar Ma'aikata:

Ƙanwata, kada ki kuskura ki rubuta "strike break". "Strikebreaker" a Turanci shi ne wanda ke zuwa aiki alhali 'yan'uwansa na yaji, don haka kunnensu wani wuri daban zai tafi. "Holiday" kuma za ta sa su ɗauka shaƙatawa kika yi. Hasali ma wannan ba giɓi ba ne a wurinki, ɗaliba ce ke tun daga 2017 har kika gama, sunanki bai fita daga rajista ba. Tsawon da karatun ya yi kawai za ki bayyana: "My four-year programme was extended by nationwide industrial action by university lecturers and by COVID-19 closures." Ki sa watannin a gaba. Na 2020 daga Maris ne zuwa Disamba, na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Abu ne da duk wanda ya so zai bincika ya gani, kuma jami'o'in Ingila sun saba ganinsa a takardun 'yan Najeriya.

"Leave" kuwa izini ce. Sai kina da wurin aiki, shi ya ba ki, kujerarki na jiranki. "Annual leave", "sick leave", "casual leave", "study leave", duk haka suke, kuma "on leave" ake cewa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma mako 16 suke samu. Ke ba ki fara aiki ba kika haihu, to wa ya ba ki "leave" ɗin? In kika rubuta, tambaya ta gaba ita ce daga wane ofis. Abin da Malam ya ba ki shi ne daidai. In kuma kina ganin "career" ɗin bai fara ba balle a huta daga gare shi, ki ce "full-time childcare" ki sa shekarun. Ba abin kunya ba ne yanzu, LinkedIn ma, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, tun 2022 ya buɗe gurbi na musamman mai suna "Career break" a shafin mutum, har da zaɓin raino a ciki.

Takardun neman aiki su ne abincina kullum, kuma gaskiya giɓin da aka yi bayaninsa a layi ɗaya bai taɓa sa na ajiye takardar kowa ba. Wadda ke sa ni tsayawa ita ce wadda aka ja shekaru aka liƙe don a ɓoye, sai ranar ganawa lissafi ya ƙi fita. Ta biyunta ita ce mai manyan kalmomi. Na taɓa karanta wani da ya rubuta wai yana "on sabbatical from the labour market", nufinsa bai samu aiki ba.

Tunda Ingila kika nufa, ga wasu biyu da bakinmu ya saba da su. Mu nan muna cewa makaranta ta yi "vacate" ranar Juma'a. A can "vacate" tashi ne daga gida ko barin kujerar muƙami, na makaranta "break up" suke cewa: "schools break up on Friday". Haka "vacation" ta fi zama ta Amurka, Baturen Ingila "holiday" yake tafiya, sai dai a wasu jami'o'i da kotuna da suka riƙe tsohuwar kalmar.

Lauyan Unguwa:

Da izinin Malam, zan ɗan yi gyara a wuri ɗaya, ba don na kai ba. Ya ce "recess" ta majalisa ce da kotu. Ta majalisa haka ne. Ta kotu kuwa an fi jin ta a bakin alƙalan Amurka, irin na finafinai: "The court will take a short recess." A kotunanmu in alƙali zai jinkirta shari'a na ɗan lokaci a rana guda, "stand down" muke cewa, a ajiye ta zuwa ƙarfe goma sha biyu misali. In zuwa wata rana ce, "adjourn", wato ɗage zama. In ba a sa rana ba, "adjourned sine die", kuma duk wanda aka faɗa wa haka a kan shari'ar gonarsa ya san ya shiga jira. Dogon hutun alƙalai na damina shi ne "annual vacation", ana barin "vacation judge" saboda abubuwan gaggawa kamar beli.

Kalmar da mu lauyoyi muke ji da ita a wannan dangin ita ce "lacuna", giɓi a cikin rubutu ko doka, wurin da ya kamata a ce wani abu ba a ce ba. 'Yan Najeriya da yawa sun koye ta ne lokacin jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya tafi Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba 2009 bai aika wa majalisa takardar miƙa mulki ba, sashe na 145 na tsarin mulki kuma a lokacin bai faɗi abin da za a yi in shugaba bai aika ba. Wannan shirun shi ne "lacuna". Halin da ƙasa ta shiga na rashin mai sa hannu shi ne "power vacuum". Sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta fake da "doctrine of necessity", wato hujjar larura, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi, daga baya aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21. Abin da ake kafawa ya riƙe wuri kafin na dindindin kuma "interim" ne, kamar gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan da ta zauna daga ƙarshen Agusta zuwa 17 ga Nuwamba 1993.

Maman Tagwaye, kada ki nuna wa ƙaninki "lacuna", sai ya ce ki sa a fom.

Mai Fassarar Labarai:

An bar "lull" da "respite" ba wanda ya taɓa su, su kuwa kullum sai na ci karo da su a teburin fassara.

"Lull" lafawa ce. Babu wanda ya ba da umarni, abin ne ya yi sauƙi da kansa, kuma ana sa ran zai sake tashi: "a lull in the fighting", faɗa ya lafa. Ana faɗar ta a kan iska, ciniki, har hira. "Respite" kuma daga ɓangaren wanda ke shan wuya ake kallon ta, sa'ida ce, ɗan sararawa daga abu mai tsanani: "a respite from the heat". Ba a samun "respite" daga abin daɗi. Ranar da kakar tagwaye ta karɓe su kika samu barcin rana, wannan ita ce.

Inda zaɓen kalma ya fi zafi shi ne labarin yaƙi. A Nuwamba 2023 an dakatar da faɗa a Gaza na mako guda, daga ranar 24 ga wata, gwamnatoci da yawa suka nace a kan "humanitarian pause" suka ƙi cewa "ceasefire", saboda "pause" na nuna za a koma fagen daga, "ceasefire" kuwa na iya zama hanyar sulhu. Mu a Hausa duk tsagaita wuta muke cewa, dole sai mun ƙara "na ɗan lokaci" ko "don shigar da agaji" kafin bambancin ya fito. Haka ƙungiyar malaman jami'a, in kun lura da sanarwarta, "suspend" take yi wa yajin aiki, ba "call off" ba. Na farko dakatarwa ne, na biyu janyewa, mu kuma a rediyo mukan haɗe su mu ce an janye.

Na manoma ma daban ne. Ɗaukewar ruwa na kwanaki a tsakiyar damina "dry spell" ne, in ya zarce ya zama fari sai a ce "drought". Mutanen kudu na da tasu "August break", ɗan tsagaitawar ruwan sama da suke samu wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, daidai lokacin da mu a arewa ruwa ya fi ƙarfi. Ɗaukewar wutar lantarki "outage" ce ko "power cut".

Ki duba rubutun da kyau kafin ki tura. "Break" da "brake" furucinsu ɗaya ne, na biyun burkin mota ne, kuma manhajar gyaran rubutu ba za ta ja masa jan layi ba tunda shi ma kalma ce. In kin rubuta "career brake" haka zai wuce har Ingila.